Ladabin da Muka Kai Adar

Tun da muka dawo daga Adar ban samu sakat ba. In na fito masallaci a tare ni, in na je sayen goro a tare ni, har malaman makarantarmu sun mai da ofishina wurin jin labari. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Jiya ma na ji wani yana rantsuwa wai ni ma na tuɓe na shiga fili, ni da ko bunsuru ban taɓa kayarwa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaye ni in miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba, garinmu Tungar Tunau yana kusa da Illela ta wajen Najeriya. Ni malamin firamare ne, kuma sakataren kwamitin kokowa na garin. Can ƙetaren iyaka, arewa da Tawa, tsakanin Affala da Takanamat, akwai wani gari da ake kira Zangon Alu. Uwar wanda ya kafa garinmu 'yar can ce, saboda haka mu 'ya'yan mace ne, su 'ya'yan namiji, wato taubasai muke. Su ce mu bayinsu ne, mu ce su ragwaye ne masu dama fura da ruwa zalla, masu barin mata da gona su tsere Abijan. Tun ina yaro, duk kaka sai 'yan kokowarsu sun zo mana, mu ma mu je musu in sun kai gero rumbu.

Sai manyan ƙasashen biyu suka ɓata. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa musu daga wajenmu, kowane ɓangare ya shiga faɗin magana a rediyo. A cikin wannan zafin ne sarkin 'yan kokowarsu, Illo, ya aiko wa namu sarkin, Kawu Jimma, saƙon murya ta waya, yana tambaya wai yaushe bayi suka fara kashe wa iyayengijinsu fitila. Da a da ne, dariya za a yi. Amma lokacin kowa a wuya yake. Kawu ya mayar da magana mai zafi a kan sojojinsu, Illo ya rama da wadda ta fi ta, daga nan waya ta yi shiru. Mutum biyun nan kuwa tun suna samari suke karawa a fili, kuma ba a taɓa bikin gidan ɗaya ba ɗayan bai zo ba. Daga baya aka buɗe iyaka, motocin albasa suka ci gaba da wucewa, amma Adarawa ba su dawo filinmu ba. Kokowar kaka ta koma ta 'yan gida, samari ma suka fara barinta suna tafiya gidan kallon ƙwallo.

Bana kwamiti ya ce a kai musu goron gayyata, a tafi da 'yan kokowa a yi wasan zumunci. Al'adar ita ce, in Illo ya kwance goron ya raba wa mutanensa, to za su zo mana da kaka. In ya ajiye shi a ɗaure, an gama magana. Kawu, da ƙafa ta fara ba shi wahala, ya ce ko a kafaɗa ne sai an kai shi, don ba ya son ya mutu suna gaba da Illo.

Kafin mu tashi muka je sakatariyar ƙaramar hukuma karɓar takardar tafiya. Wani jami'i mai kirki ya zaunar da mu ya ce mu sani mu jakadu ne, abin da manya suka kasa gyarawa a kan tebur, wasa da zumunci na iya gyarawa, amma mu kiyaye bakinmu. Ni kuwa da aka kira ni jakada sai kaina ya kumbura. Muna fitowa na tara ayari a gindin darbejiya na kafa doka: ba zancen siyasa, ba tsokana, ba habaici, kowa ya ce mana komai mu ce mun gode. Na dubi makaɗinmu Barmo, wanda zambonsa ke sa ƙato ya rasa inda zai sa kansa, na ce kirarin yabo kaɗai na yarda ya yi. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce, ai da wasa rigimar ta fara. Barmo ya ce an ɗaure masa baki an ce ya yi waƙa. Kawu ya ce shi dai dokar ba ta kwanta masa ba, amma tunda ni na yi boko, a bi.

Muka isa iyaka da hantsi. Na namu ɓangaren suka duba takarda suka yi mana addu'a. Da muka tsallaka, wani jandarma ya karɓi katunanmu, ɗan duwan kuma, wato kwastan ɗinsu, ya ce a buɗe buhunan. Ya zura hannu a buhun farko ya zaro wani guru mai kauri da layu rataye, ya sake shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya tambayi ko hajar sayarwa ce, Barmo ya ce kayan aiki ne. Da ya ji 'yan kokowa ne sai fuskarsa ta washe, ashe mayen kokowa ne. Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye Gwaska, babban ɗan kokowarmu, suna taɓa damtsensa. Ɗan duwan ɗin ya ce jiki kam akwai, amma duk ƙiba ce ta shinkafa, Ba'adare mafi ƙanƙanta zai shimfiɗe shi. Na ga bakin Barmo ya fara motsi, na taka masa ƙafa, na ce wa mutumin mun gode, Allah ya bar zumunci. Ya dube ni wani iri, ya miƙo takardunmu. Na shiga mota ina yaba wa kaina.

A Ƙonni muka canza mota muka karya. Nan Gwaska ya haɗu da burodinsu mai tsawo, ya sayi guda ya saɓa a kafaɗa yana cewa wannan in ba a ci ba a yi kiwo da shi. Daga Tsarnawa muka karkata arewa. Hanya ta yi ta hawa da sauka a kan tudun duwatsu, muka ratsa Badagishiri ranar kasuwa, mota na tafiya kamar ta amarya saboda jakuna da buhunan albasa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ji daga Najeriya muke, ta ce ɗanta yana sayar da shayi a Sakkwato, ko na san shi. Na ce Sakkwato da girma. Ta ce dogo ne, baƙi, in na gan shi in ce ya kira gida. Na yi mata alkawari.

Tawa ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Mun sauka gidan wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke kawo atamfa kasuwarmu, ya shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida ya ce gidanmu ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata a kan babur, da hijabinsu da jakar aiki, suna ratsa titi ba wanda ya waiwaya. A garinmu da mace za ta yi haka, da an samu abin hira har salla. Na biyu kuwa fada. Kowace kusurwa ka ga samari sun kewaye ɗan murhun waya suna dafa shayi, kowace fada da sunanta a rubuce a bango. Wata fada ta kira mu muka zauna. Aka ba mu kofin farko mai ɗaci kamar maɗaci, na shanye na miƙe zan yi godiya, aka ce in zauna, ai saura na biyu da na uku, tashi kafin nan rashin ladabi ne. Wani daga cikinsu ya ce, yana murmushi, ashe mu ne muka ɗauke musu kuran, wato wuta. Nan take na gyara murya na fara jawabi a kan 'yan'uwantakar ƙasashen biyu. Suka saurara har na kai aya, sannan mai dafa shayin ya ce, "Mushe, sha shayinka kar shi huce." Mushe ɗin nan haka suke kiran malamin boko a can.

Da yamma mai masaukinmu ya kai mu filin kokowar garin. Gini ne sosai, da matakan zama zagaye da yashi mai laushi a tsakiya. 'Yan kokowarmu, da suka saba karawa a filin makarantata tsakanin turakun ƙwallo, suka cire takalma suka shiga suna taka yashin a hankali. A can kokowa ba wasan ƙauye ba ce. Ana sa ta a rediyo da talabijin, yara sun san sunayen 'yan kokowa yadda namu suka san na 'yan ƙwallon Turai. Na ji kishi ƙwarai, na kuma ji daɗi, don abin namu ne aka ɗaukaka. Da safe aka kawo mana malku, romon kai da ƙafa mai yaji, da cuku na Buzaye. Gwaska ya yi ta tauna cukun yana cewa kamar fatar ganga, amma shi ya cinye rabon mutum uku.

Daga Tawa muka ɗauki wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Bayan Affala kwalta ta zama labari, muka shiga jar ƙasa, daga nan yashi. A wani kwari motar ta nutse har ciki. 'Yan kokowa suka sauka suna cika baki, suka tura, taya ta watsa musu yashi a fuska ba ta motsa ba. Sai ga wasu Buzaye da raƙuma, suka ce mana oyiwan, gaisuwarsu ke nan, suka karyo rassan sabara suka shimfiɗa a gaban tayoyin, suka ce a sassauta iskar. Mota ta fita kamar ba ita ba. Babbansu ya tambayi ina za mu, da ya ji sai ya ce su ma gobe suna can, tunda an daɗe ba a ga bayin Zangon Alu ba. Har cikin daji labarinmu ya riga mu.

Tun daga nesa muka hango jama'a a bakin gari. Murna ta kama ni. Muna tsayawa mata suka saki guɗa, samari suka jawo wani gurgun jaki da aka yi wa rawani, suka ce ga dokin sarkinmu. Wata dattijuwa ta miƙo wa Kawu ƙwarya cike da ruwa da ƙwayar gero guda tana yawo a ciki, ta ce ga furar bayi. Yara na tsalle suna cewa bayinmu sun dawo, a ba su tsintsiya. Duk idanu suka koma kanmu ana jira. Na waiwaya na zare wa ayari ido, na matsa gaba na rusuna na ce, a madadin al'ummar Tungar Tunau, mun gode da wannan kyakkyawar tarba, Allah ya saka da alheri. Ayari suka amsa da amin.

Guɗar ta tsaya. Dattijuwar ta dubi ƙwaryarta ta zubar da ruwan a gefe. Aka janye jakin.

Aka kai mu ƙofar gidan Illo, aka fito da shi a kan kujera, mutum biyu na ɗauke da ita. Ba wanda ya gaya mana ya yi ciwo. Hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, bakinsa ya ɗan karkace, mutumin da na sani da ƙirji kamar ƙofa ya koma rabi. Amma an yi masa aski, ya sa sabuwar riga, idanunsa na ƙyalli yana kallon Kawu. Kawu ya tsaya cik. Shi da tun da nake ban taɓa jin ya kira mutumin nan da wani suna ba sai Raggo, ya durƙusa ya ce, "Alhaji Illo, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

Illo ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce da sauƙi, ya ce sannunku da hanya Alhaji Jimma. Na miƙa goron da ɗan jawabi, ya sa aka tura shi ƙarƙashin kujera, ya ce za su duba.

Daga nan aka shiga yi mana hidima irin ta manyan baƙi. Aka kawo kujerun roba da ruwan gora, aka yanka rago, aka ce an share mana aji guda a lekol, wato makarantarsu, a can za mu sauka. A da kuwa rarraba mu ake yi gida gida. Ni duk ban lura ba. Na ce wa Barmo ya gani ko, ga amfanin ladabi, ko gwamna iyakar abin da za a yi masa ke nan. Barmo ya ce shi naman ma ba ya jin ɗanɗanonsa.

Washegari da safe ina alwala a bakin ajin sai shugaban makarantar ya zo gaishe ni. Sunansa Mushe Idi, mutumin Damagaram ne, aiki ya kawo shi. Muka taɓa hirar malamai, yawan yara da ƙarancin alli, wanda duk ɗaya ne ko ta wane gefen iyaka. Sai ya ce shi ma baƙo ne a garin, shi ya sa zai iya gaya mini abin da 'yan gari ba za su faɗa ba. Ya ce tun jiya zancen da ake a rijiya da masallaci shi ne, mutanen Tunga ba su huce ba, sun zo ne a matsayin 'yan wata ƙasa, gwamnati ta aiko su. An miƙa musu wasa sun mayar da godiya, kamar mutum ya miƙa hannu a ba shi sanda. Ya ce samarin nan sun yi kwanaki suna neman jakin da ya fi kowane muni.

Sannan ya gaya mini na Illo. Tun da ciwon ya same shi kowa lallaɓa shi yake, 'ya'yansa, matansa, har abokan hirarsa, ba mai musa masa ko ya ce rana daga yamma take fitowa. Ya daina fita ƙofar gida. Da aka ce Kawu na zuwa sai ya farfaɗo, ya sa aka kira wanzami, ya riƙa zama shi kaɗai yana maimaita zagin da zai yi wa bawansa, don harshen ya saba kada ya ba shi kunya. Ya ce wa Mushe akwai mutum guda a duniya da ba zai ji tausayinsa ba, kuma ga shi nan tafe.

Kunya ta rufe ni, ga tsoro, don na ga goronmu zai koma gida a ɗaure kuma ni na ɗaure shi. Na bar butar a nan na nufi wurin Kawu, na zayyana masa komai, na ce na janye doka, ya je ya zagi abokinsa. Na ɗauka zai yi mini faɗa. Sai ya ce ba dokata ta rufe masa baki ba, shi da ya ga Illo ma mantawa ya yi da ni da dokar. "Sakatare," ya ce, "ƙaƙa zan zagi mutum mai hannu guda? Bakina ba ya iyawa." Na yi ta roƙo, ya juya mini baya. Na gaya wa sauran an sake su, amma suka ce ba mai fara wasa sarkinsu bai fara ba.

Bayan la'asar aka taru a fili. Mutane sun zo daga Takanamat da ƙauyukan kewaye, ga Buzayenmu na jiya a kan raƙuma a bayan taro, ga wakilin magajin gari da ya yi jawabi mai kyau a lasifika a kan zumunci. Aka ajiye kujerar Illo a inuwa, goron na nan a ƙarƙashinta, aka ajiye ta Kawu can nesa a wurin manyan baƙi. Aka fara kokowa. Ban taɓa ganin kokowa mai sanyi irin wannan ba. Barmo na kiɗa yana yabon kowa, wanda ya yi kaye ya ɗaga wanda ya kayar yana ba shi haƙuri, jama'a na tafi kamar ranar raba kyaututtuka a makaranta. Wasu ma suka fara zamewa.

Ana cikin karawa ta uku ko ta huɗu na ga Illo ya yafito 'ya'yansa da hannun hagu. Suka sunkuya, suka ɗaga kujerar, suka juya da shi wajen gida. Goron ya rage a ƙasa shi kaɗai. Na dubi Kawu. Yana kallon bayan kujerar. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ɗingisa zuwa wurin mai sanarwa, ya fizge abin maganar.

"Kai Raggo, ina za ka? Da kana da hannu biyu ma gudu kaka yi in ka hange ni. Yanzu ka aje guda don ka samu hujja?"

Filin ya yi tsit, har kukan raƙumi na ji daga baya. Na ga fuskar babban ɗan Illo ta ɓaci, na ce a raina yau mun jawo abin da ya fi rufe iyaka. Illo ya ce a aje shi. Aka juyo da kujerar, aka kai masa abin magana. Ya ɗauki lokaci yana haɗa kalmomin, harshen na yi masa nauyi, ba wanda ya yi ko tari.

"Jimma," ya ce, "duk kayen da na yi maka, da na hagu na yi shi. Na dama ban taɓa ɓata shi ga bawa ba."

Wallahi ban san yadda zan kwatanta ƙarar da ta tashi ba. Mata suka saki guɗa, maza suka yi ta jifa da huluna sama, dattijuwar mai ƙwarya ta shigo tsakiyar fili tana rawa. Illo na dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin kumatunsa, yana dukan hannun kujera. Barmo ya waiwayo ya dube ni, na ce sakar musu. Ya ɗaure gangar ya fara da furarsu, wai in ka leƙa ƙwaryar Ba'adare kana ganin fuskarka har da haƙora. Ya bi ta kan masu zuwa Abijan su dawo da rediyo da tabarau ba ko buhun gero. Makaɗinsu ya karɓe, ya ce mu ƙasarmu ce mai rijiyar mai amma a layi muke kwana da galan, mun yanke musu wuta alhali mu ma a duhu muke. Duk maganar da na hana a yi sai da aka yi ta a lasifika, wakilin magajin gari na riƙe da ciki. Ni kaina makaɗin bai bar ni ba, ya ce wane ne wannan siririn bawa mai godiya kamar an ba shi sadaka. Na ji bakina ya ce ai dole in gode, tunda ban taɓa ganin Ba'adare ya ba da ruwa kyauta ba. Aka kwashe da dariya, wani ya ɗauke mini hula, ban sake ganinta ba.

Kokowa kuwa sai ta kama wuta. Gwaska ya ɗaga wani ƙato ya nana da ƙasa, muka ruga fili muna ihu, ni da ke cewa a yi natsuwa har da tsalle. Bai gama kirari ba aka fito masa da wani siriri da ya dawo daga Abijan kwanan nan. Kafin Barmo ya gama take, Gwaska na kwance yana kallon sama. Gaskiya sun fi mu kaye nesa ba kusa ba, duk wanda ya gaya muku mun yi canjaras son kai ne. Ana wannan hargowa aka jawo kujerar Kawu kusa da ta Illo. Illo ya sa aka ɗora masa goron a cinya, ya ƙi a taya shi, ya kama igiyar da haƙori da hannun hagu har ta kwance. Ya ɗebo ya riƙa watsa wa jama'a, ya ce su ci, goron bayi ne, ba shi da daɗi amma ba a ƙin sa.

Kafin magariba an kwashe kayanmu daga lekol an rarraba mu gidaje. Ni na faɗa hannun dattijuwar nan, ta miƙo mini tsintsiya ta ce tsakar gida na jira. Na share shi tas da rigata ta jakada, ina jin daɗi kamar an ba ni sarauta. Sai da na gama ta kawo fura mai kauri da nono, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki, ta ce kada in gaya wa kowa a Tunga, sunansu zai ɓaci.

Ranar komowa muna loda kaya aka nemi gangar Barmo aka rasa. Samarin garin suka ce sun kama ta, bawa ba ya mallakar ganga, su za su kawo ta da kansu ranar kokowar kaka, in mun iya mu ƙwace ta a fili. Barmo ya yi ta kumfar baki yana cewa gadon ubansa ce, amma na ga yana ɓoye murmushi. Aka kawo Illo har bakin mota. Ya kama rigar Kawu da hannun hagu ya ƙi saki, ya ce kada ya kuskura ya mutu kafin kaka, akwai sauran kaye da bai yi masa ba. Kawu ya ce Illo dai ya zo da ƙafarsa, don Tunga ba ta da masu ɗaukar raggo. Haka suka yi ta yi har direba ya gaji ya ja mota.

To, masu tambaya, abin da na gano a Adar ke nan, kuma ku fara gyaran fili don suna tafe. Saura abu guda da ban faɗa a majalisa ba. Mun fito gari ana ta shewa a bayan mota, kowa na maimaita zambon da ya fi burge shi, Kawu kaɗai ya yi shiru a gaba. Sai da muka kusa Affala ya juyo ya ce mini a hankali, "Sakatare, ka ga yadda ya rame?" Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya tsokane shi. Can sai na ji Barmo, da ba shi da ganga, yana buga taken Illo da yatsu a jikin ƙarfen motar.